Aninin da Iliyasu Ya Kai wa Surukinsa

Duk wanda ya taɓa goya injin feshi a gonakin da ke tsakanin Kura da Bunkure a shekarun dubu biyu da 'yan kai ya san Iliyasu mai anini, ko da bai taɓa ganin fuskarsa ba. Kada ka ji anini ka ɗauka kuɗi ne. Wani ɗan faifan tagulla ne da bai kai faɗin farcen babban yatsa ba, da huji a tsakiya kamar tsinin allura, wanda ake sawa a bakin injin feshi. Ta hujin nan magani yake fita ya bazu a kan shuka. Manoma suka ga ya yi kama da tsohon aninin da kakanninsu suka kashe, sai suka laƙaba masa sunan, shi kuma mai yin sa sunan ya bi shi.

Iliyasu ba manomi ba ne, kuma a garinsu wannan abin faɗa ne. Garin da kanal ɗin ban ruwa ya ratsa ta bayan gidaje, ruwa yana gudu rani da damina, a ce namiji ba ya noma? Ubansa ya rasu yana ƙarami, abin da ya gada na gona kuwa ko akuya ka ɗaure a ciki sai ta raina. Wani kawunsa ne ya ɗauke shi ya kai shi birni, ya ajiye shi a wani gidan ɗab'i a Fagge. A can ya girma, a can kuma ya koyi abin da ya zama sana'arsa, wato yanka ƙarfe da rana da ruwa.

In aka faɗa maka haka za ka ce tatsuniya ce, amma ga yadda abin yake. Za a ɗauko fallen tagulla a wanke shi tas, a shiga da shi ɗaki mai duhu a shafe shi da wani magani mai jin haske. Sai a ɗora masa fim mai ɗauke da zanen abin da ake so, a danne da gilashi, a fitar da shi rana. Inda rana ta taɓa, shafin ya ƙanƙame ya zama wa ƙarfen riga. Inda baƙin zane ya tare, shafin ya wanke ya bar ƙarfe tsirara. Daga nan sai a tsoma fallen cikin ruwan ci, wani jan ruwa mai kauri kamar shayin da ya daɗe a wuta, ya cinye inda yake tsirara ya bar mai riga. Ba guduma, ba wuta, ba zarto. A gidan ɗab'in, farantan buga hotuna suke yi da wannan dabara. Da kwamfuta ta shigo gari sai aikin ya mutu murus, maigidan ya sallame su da fatan alheri. Iliyasu ya dawo gida da robobi, da gilashinsa, da jarkar ruwan ci, ya kama wani ɗan shago mai rufin kwano kusa da masu casar shinkafa.

Da farko abin da yake samu shi ne lambar da ake mannawa a jikin injin ban ruwa don gudun ɓarayi, da farantin da masu shinkafa suke ɗorawa a kan buhu su goga fenti sunansu ya fito. Mutane su wuce su gan shi zaune yana jijjiga roba, yatsunsa ja kamar na wanda aka sa a lalle, su yi ta dariya. Muhammadu Sani ne ya sa masa "mai wankin ƙarfe". Shi Sanin nan ƙanin Mairama ne, Mairama kuwa ita ce yarinyar da Iliyasu yake nema.

Da maganar auren ta taso, gidan su Mairama kaf ba wanda ya so. 'Yan'uwanta maza suka ce ba za a ɗauki yayarsu a ba mutumin da ba shi da ko fangali ɗaya na shuka ba. Uban kuwa, Malam Dattijo, ya fi so ya gani da idonsa. Wata rana da yamma daga gona sai ya biyo ta ƙofar shagon kamar wanda hanya ta kawo, ya tsaya daga nesa da fartanya a kafaɗa, ya kalli Iliyasu yana aiki har ya tsame falle ya ɗauraye. Da ya koma gida ya tara su ya ce, "Sana'a ce. A ba shi." Shi ke nan, aka ba shi.

Sai ka san Malam Dattijo sannan za ka san nauyin wannan magana. Ya haura saba'in, amma shi yake goya injinsa, shi yake auna maganinsa, shi yake tsayawa a bakin kanal ranar da aka sako ruwa. A yankin nan mutane ba sa tambayar lokacin shuka, gonarsa suke leƙawa. Ga shi da tattali na ban mamaki, ko ƙusa ya tsinta a hanya sai ya sa a aljihu, kuma ba ya taɓa sabon abu sai tsohon ya mutu. 'Ya'yansa sun daɗe suna so ya zauna ya huta ya bar musu gonar. Duk lokacin da Sani ya tayar da zancen, sai tsohon ya ce, "Ranar da na kasa, ba sai kun faɗa min ba."

Mairama ita ce 'yarsa ta fari, saboda haka tun da aka haife ta bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa zama da ita hira ba. Mijinta kuwa kunyar ta ninka. In Iliyasu ya hango tsohon tafe, sai ya sake hanya. In ba halin sakewa, ya tuɓe takalmi ya durƙusa tun daga nesa, kansa a ƙasa, ya gaishe shi da muryar da shi kansa ba ya ji. Shekaru suka yi a haka, har da 'ya'ya a tsakani, amma in ka tattara maganar da ta shiga tsakaninsu banda gaisuwa ba ta cika bakin mutum ba. Duk da haka Iliyasu ba shi da wani buri a duniya da ya wuce ya nuna wa mutanen gidan nan cewa tsoho bai yi kuskure ba.

Aninin ya samo asali ne daga Baballe, wani mai yi wa mutane feshin haya. Cikin sanyin wata shekara ya zo shago da bakin injinsa ya cinye, yana ta mita wai in ka je saye sai an haɗa maka da kan feshin gaba ɗaya. Iliyasu ya jujjuya ɗan faifan a tafin hannu ya ce a ba shi lokaci. Ya je birni aka fitar masa da fim, ya dawo ya gwada, ya lalata, ya sake gwadawa. Ba shi da agogo a shagon. Yana jijjiga roba da hannu ɗaya yana jan carbi da ɗayan, har ya gane daidai inda zai kai a jan carbin ya tsame. Aninin ya fito, Baballe ya ɗaura, feshi ya tashi lumui kamar hayaƙi. Kafin a girbe alkama, labari ya kai Kura.

Da bazara ta shigo, kowa yana shirin shinkafar damina, Iliyasu ya ce bari ya yi da yawa. Ya haɗa sabon ruwan ci, ya jera fallaye, ya zauna ƙarƙashin kwanon nan da tsakar rana gumi yana tsiyaya, yana jan carbinsa daidai yadda ya saba ja cikin sanyi. To, ruwan ci in ya ji zafi haɗama yake yi. Ba ya tsayawa inda aka ba shi, sai ya kutsa ta ƙarƙashin rigar ya ci gefe. Iliyasu ya san haka sarai, tun a Fagge aka koya masa. Amma a farantin buhu, in harafi ya ɗan yi kauri wa ya damu? Ya saba ba ya kula, ga ɗokin ciniki, sai abin ya fita daga kansa. Hujin allura kuwa ido ba ya gane ya faɗaɗa.

Cikin waɗannan ya zaɓi mafiya sheƙi, ya goge su, ya naɗe a takarda. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya je zauren surukinsa, inda dattawa da 'ya'yan gidan suke zaune. Ya durƙusa daga bakin ƙofa, ya tura ƙunshin gaba.

"Baba, ga wannan, ko za a gwada."

Malam Dattijo ya warware, ya ɗauki ɗaya ya ɗaga sama ta wajen haske, ya daɗe yana kallo. Sannan ya juya wajen 'ya'yansa. "Ku da kuka ce wankin ƙarfe yake yi, ku duba. Abin da sai an hau jirgi a kawo mana, ga shi an yi a bayan gidanmu. Da shi zan yi feshin bana." Ya sa albarka. Sani ya kau da kai yana sosa ƙeya. Ranar nan Iliyasu bai san da wace ƙafa ya koma gida ba, Mairama har tambayarsa ta yi ko kujerar Makka aka ba shi.

Murnar ba ta yi tsawon rai ba. Cikin makon sai ga Baballe a shago, ransa a ɓace.

"Malam Iliya, wannan na bana me ka yi masa? Ban kai rabin inda na saba ba, maganin da na goya ya ƙare. Allah ya so ni gefen hanya nake kashe wa ciyawa. Da shinkafar mutane ce fa?"

Iliyasu ya miƙe. Ya ɗauko gwangwanin madara, suka ɗaura anini na lokacin sanyi suka fesa ruwa a ciki, suka sake ɗaura na bazara. Kafin tsohon ya kai rabin gwangwani, sabon ya cika yana zuba. Maganin ciyawa kuwa kowa ya san halinsa. In ka ba shinkafa daidai, ciyawa ta mutu ita ta tashi. In ka ninka mata tana jaririya, ta bi ciyawar.

A nan sai a yaba masa. Ya rufe shago ya hau kekensa, ya bi duk wanda ya sayar wa, gida-gida, gona-gona, har cikin Bunkure. Wasu suka zage shi, wasu suka yi dariya, wani ya jefo masa aninin a ƙasa. Ya haɗiye, ya tsince, ya ba da haƙuri. Abokin ciniki ai da sauƙi, ka ce ka yi kuskure, ya faɗi abin da zai faɗa, a rabu. Duk ya karɓo su. Saura na mutum ɗaya, kuma su ba sayarwa ya yi ba.

Ta yaya za ka je wa surukinka, uban matarka, mutumin da ya ɗaga kyautarka sama a gaban dattawan gari ya kunyata 'ya'yansa da ita, ka ce ya dawo maka da abinka? Iliyasu ya juya maganar nan a ransa ta kowace fuska, ya rasa bakin da zai fito da ita. Da yamma Mairama tana tsakar gida tana juya shinkafar da ta turara, ya tsuguna kusa da ita ya faɗa mata.

Ta saki muciyar hannunta. "Innalillahi! To me kake jira, Malam?"

"Na ce ko ke za ki je."

"Ni? Ni da ko ruwa na kai masa sai ya juya baya? In tsaya a gabansa in ce masa me? Ka faɗa wa Sani mana. Yanzun nan sai ya shiga ɗakin Baba ya ɗauko maka."

"Sani?" Iliyasu ya miƙe tsaye. "Ki bari kawai. Na san yadda zan yi."

Nan ne ya kashe kansa, kuma ba zan rufa masa ba. Kunyar suruki gaskiya ce, ba wanda ya ce ƙarya ce. Amma Sani ba suruki ba ne, ƙanin mata ne, wanda ko wasa kuna iya yi. Abin da ya hana shi zuwa wajen Sani ba ladabi ba ne. Dariyar da za a yi masa a majalisa ce yake gudu, da "mai wankin ƙarfe" da za ta dawo sabuwa fil. Ya ɗauki girman kai ya sa masa rigar kunya, har shi kansa ya yarda kunyar ce.

Dabarar da ya yi ita ce ya sake yin wasu. Ya tashi da sassafe kafin kwano ya ɗumama, ya yi su a natse, ya gwada kowanne da gwangwani. Ya naɗe ya kai.

"Baba, waɗannan sun fi na farko kyau. Na ce ko da su za a yi."

Tsohon ya karɓa da hannu biyu. "Kai, Malam, ɗawainiyar ta yi yawa. Allah ya yi albarka." Ya laluba aljihu ya fito da wani tsohon gwangwani da yake tara ƙananan kayansa, ya zuba su a ciki ya rufe. "Waɗannan sai na farko sun cinye. Ai ba a taɓa sabo ga wani bai mutu ba. Na riga na ma ɗaura ɗaya."

Maganar ta zo wa Iliyasu har kan harshe. Ya buɗe baki, ya ji kansa yana cewa, "To, Baba. Allah ya ƙara girma." Ya ja da baya, ya sa takalminsa, ya fito. A hanya ya tsaya jikin wata bishiyar darbejiya ya dafa ta, yana ji kamar ya mari kansa.

Bai haƙura ba, ya sake bin sa har gona. Shinkafar ta fito kore shar, ganye bibbiyu, fangali bayan fangali, ba inda ya yi gibi. Malam Dattijo yana kan kunyar wani fangali yana toshe wata ɓaraka da laka. Iliyasu ya durƙusa, aka gaisa, aka sake gaisawa.

"Baba, dama..."

"Na'am, Malam?"

Daidai nan Sani ya ɓullo daga bakin kanal da shebur a hannu, yana murmushi. "A'a, yau injiniya ne a gona? Ka kula da laka, kada ta ɓata maka lallen."

"Dama na zo in ga yabanya ne," in ji Iliyasu.

Tsohon ya ji daɗi. Ya nuna masa gonar da hannu, ya ce sai bayan kasuwar Kura in an janye ruwa zai yi feshi. Iliyasu ya kama wannan ya riƙe. Ya ce a ransa ranar zai yi sammako ya zo, ya roƙi Baba ya bar shi ya goya masa injin don neman albarka, in ya karɓa sai ya juya baya ya sauya aninin, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Dabarar ta yi masa daɗi har ya ci tuwo a ranar.

Sai dai noma ba ya jiran dabarar kowa. Ruwan ya janye tun kafin kasuwa, gari ya waye ba iska ko kaɗan, ga hadari ya fara nuna alama ta gabas. Manomi irin Malam Dattijo ba ya barin irin wannan safiya ta wuce. Ya goya injinsa ya shiga. Iliyasu yana shago yana wanke gilashi wani mai wucewa ya ce masa, "Na baro surukinka yana ta feshi da aninin naka, yana ta yabonka." Gilashin bai faɗi ba, amma da ƙyar. Ya hau keke ya taka kamar zai karya shi. Ko da ya isa, tsohon yana bakin kanal yana wanke injin.

Kwanakin da suka biyo baya Iliyasu bai ci ba bai sha ba, sai addu'a, ko ruwan sama zai sauko ya wanke. Hadarin ya watse. Shinkafar ta fara yin rawaya daga baki-baki, ta koma ja, ta kwanta. Gonar da mutane suke zuwa kallo ta zama kamar an bi ta da wuta, ga ta maƙwabta kore a kowane gefe. Kafin a sake gyara a sake shuka lokaci ya ja, abin da za a samu ba zai taka kara ya karya ba. Abincin gida guda ne, mai mutane da yawa.

Jama'a suka taru a bakin gonar ana ta salati. Iliyasu yana can baya, ya kasa matsowa ya kasa tafiya. Sani kuwa ya haukace, yana rantsuwa mai shagon maganin ne ya sayar musu da na jabu, yau sai ya ja shi har gaban hukuma. Baballe yana wurin. Ya dubi gonar, ya waiwayo ya dubi Iliyasu, ya matsa kusa da tsohon.

"Baba, wane anini kuka..."

"Ba magani ba ne," in ji Malam Dattijo, da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Kada a taɓa bawan Allah. Idona ne. Wurin awo ban ga layin murfin ba, na yi ta zubawa. Ya kwana biyu yana min hazo-hazo, na ƙi faɗa."

"Amma Baba, ai aninin..."

"Na ce idona ne, Baballe."

Baballe ya ja da baya. Sani ya sauke murya, tausayi ya kama shi, ya ce, "Haba Baba, ai da ka faɗa." Da yammar ranar 'ya'yan suka zauna da ƙannen tsohon, aka yanke cewa ya isa haka, Baba ya huta. Ya taɓa cewa ranar da ya kasa ba sai an faɗa masa ba, ga shi da bakinsa ya faɗa. Bai yi musu ba. Aka ɗauke injin feshin daga ɗakinsa aka mayar ɗakin Sani.

Sai a lokacin, bayan komai ya ƙare, bakin Iliyasu ya buɗe. Ya sami tsohon shi kaɗai a zaure da hantsi yana tufka igiya, aikin da bai taɓa zama ya yi da rana ba. Ya durƙusa, wannan karon bai tsaya a bakin ƙofa ba, ya rarrafa har gabansa. Hawaye ya riga maganar fita.

"Baba, ba idonku ba ne. Ni ne. Aninin nan hujinsa ya..."

"Na sani."

Iliyasu ya ɗago kai. A iya zamansu bai taɓa kallon ƙwayar idon mutumin nan ba sai ranar. Fari tas, ba hazo ba komai.

"Tun ban yi nisa ba na ji goyon ya yi sauƙi da wuri," in ji tsohon, hannunsa bai bar igiyar ba. "Na tsaya na duba. Sai na ce abin da Malam ya yi da hannunsa ya kawo min, ai ya fi ni sanin yadda yake aiki, wataƙila haka sabon yake. Na ƙara cikawa na ci gaba. Sai da shukar ta juya sannan na tuna zaryar da ka yi ta yi, kana zuwa kana komawa da magana a baki."

"Ku bari in je in faɗa musu, Baba. Yanzu zan je. A dawo muku da gonarku."

"Ka faɗa wa wa? Sani?" Ya ajiye igiyar. "In ka faɗa, ba shago kaɗai za ka rufe ba. Yaran nan ba za su ƙara shiga gidanka ba, kai ma ba za ka ƙara shigowa nan ba. Ita waccan da ke ɗakinka, ina za ta sa kanta? Ta bi miji ta bar 'yan'uwa, ko ta bi 'yan'uwa ta bar 'ya'yanta? Ban taɓa yi mata komai da bakina ba tun da ta zo duniya. Wannan dai na iya."

"Baba, gonar..."

"Ni na ce a ba ka ita. Ba zan zauna a ce min ga abin da muka faɗa ba. Tashi ka je ka buɗe shagonka. Kuma in ka ƙara tayar da maganar nan, ko bayan raina, ban yafe ba."

Iliyasu ya fito. Da zaginsa aka yi, da dukansa aka yi a tsakiyar kasuwa, da ya fi masa sauƙi. Ya buɗe shagon kamar yadda aka umarce shi. Ya sayi agogo, ya daina aikin anini da tsakar rana, kuma babu aninin da ya ƙara fita daga hannunsa bai bi ta gwangwani ba. Ciniki ya bunƙasa, har daga Garun Malam da Madobi ake aiko masa. Mutane suna cewa ba su taɓa ganin mai sana'a mai tsantseni irinsa ba, shi kuwa duk wanda ya yabe shi sai ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Mairama ba ta taɓa yi masa gori ba. Ranar da ya faɗa mata abin da uban ya ce, ɗaki ta shiga ta rufe, ta daɗe ba ta fito ba.

Labarin ido kuwa ya zauna daram. Masu wucewa ta zaure suka koma ɗaga murya in za su gaishe da Malam Dattijo, suna faɗar sunayensu, "Baba, wane ne, ɗan gidan wane." Ya amsa musu da fara'a. Ba wanda ya ƙara leƙa gonarsa don sanin lokacin shuka, ba wanda ya ƙara tambayarsa awon magani.

Da kaka ta zo, wata Juma'a, Iliyasu yana tafe bayan jama'a za su masallaci. Akwai wata 'yar siririyar gada ta kankare a kan kanal, wadda tsohon ya yi shekaru yana tsallakawa da buhun taki a ka. Da suka iso bakinta sai Sani ya dakata, ya juyo cikin ladabi ya miƙa hannu.

"Kawo hannunka, Baba. A hankali, akwai rami a gefe."

Iliyasu ya tsaya cak, mutane suna ratsa shi suna wucewa. Malam Dattijo bai waiwayo ba. Ya miƙa hannun, aka ja shi ya haye.